Igiyar da Ba a Ɗaurewa

A garin Arlit, inda ruwan da ya fi kowane yawa shi ne na cikin tanki, akwai wani dattijo da kowa ke kira Kapiten. Ba soja ba ne, bai taɓa sa kaki ba. Sunansa Halidu, mutumin Tawa, tsohon shofer da ya yi shekara ashirin da shida yana jan gangunan ma'adini a kamyo, babbar motar kaya, daga Arlit zuwa bakin teku a Kwatano. Sunan Kapiten kuwa daga wani hoto ya samo shi, wanda ke rataye a zaurensa, gilashinsa ya tsage ta gefe guda. A cikin hoton ga Halidu da ƙuruciyarsa, tsaye a kan rairayi, ya dafa wani farin jirgin ruwa mai dogon ƙyalle, irin wanda iska ke turawa.

Gaskiyar hoton ba ta da tsawo. Wata rana yana jiran a sauke masa kaya, ya bi bakin teku yana kallo, ya iske wani wuri da ake koya wa masu hutu tuƙin irin waɗannan jirage. Mai gadi ya bar shi ya dafa ɗaya, mai hoto ya ɗauka. Ko tafin ƙafarsa bai jiƙa ba, don tun da ya ji rurin ruwan nan ya rantse a ransa shi da teku sai dai kallo. Da ya dawo Arlit ya nuna hoton a majalisa, wani ya ce, "Ka shiga kuwa?" Halidu ya ce, "Ƙwarai." Kalma ɗaya ce tak, amma kalma ɗayan nan ta yi ta haihuwa. Bayan shekara guda ya zama ya koyi tuƙi wata uku. Bayan shekara biyar ya taɓa kwana huɗu a tsakiyar ruwa da Turawa masu yawon hutu, har ya cece su daga guguwa. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to ta Halidu ta shekara talatin tana fure, ba wanda ya zo neman 'ya'yan.

Sai Allah ya kawo Mano.

Mano mutumin Abzin ne daga wajen Dannet, dogo, marar yawan magana. Tun yana saurayi ya tafi Senegal sayar da zobban azurfa a bakin teku, ya ƙare a wata makarantar koyon tuƙin jirgin iska kusa da Dakar. Ya fara da wanke jirage da ɗinke ƙyallen da ya yage, ya kai ga shi ke koyarwa, shi ke fita da masu hutu su yi mako guda a ruwa, a jirgin za a dafa a ci, a jirgin za a kwana. Shekara bakwai ya yi a haka. Da mahaifiyarsa ta tsufa ya dawo gida, kuma duk 'yan matan Arlit bai ga wadda ta yi masa ba sai Zulaihatu, autar Halidu.

Ranar da aka zo neman auren, Halidu ya tabbata asirinsa ya kusa tonuwa. Abin da ya cece shi kunya ce. Suruki da surukinsa ba sa zama tabarma ɗaya, ba sa ci a kwano ɗaya, ba sa hira. Mano in ya hango Halidu daga nesa sai ya ja rawaninsa ya rufe har ƙasan ido, ya kauce ta wani lungu. In magana ta kama, Zulaihatu ce ke kai ta, ita ke dawo da amsa. Halidu bai taɓa ƙaunar wata al'ada ba kamar yadda ya ƙaunaci wannan, don shekara biyu aka yi ba a taɓa haɗa su a zancen teku ba.

To, tun da aka rufe ramin haƙar ma'adini na Akokan samari suka rasa abin yi. Duk mako mota na tashi zuwa Tchibarakaten cike da yara masu neman zinariya, wasu su dawo da abin kirki, wasu su dawo da tari, wasu labarinsu kawai ke dawowa. Mano ya ga wannan, ya kuma ga filin nan na yamma da gari, shimfiɗaɗɗe mai tauri kamar faranti, da iskar da ke kaɗawa kowane hantsi ba mai amfani da ita. Ya samo bututun ƙarfe da tayoyin moto, wato babur, guda uku, ya kai wa mai walda, ya sa tela ya ɗinka masa dogon ƙyalle. Abin da ya fito jirgin iska ne mai tafiya a ƙasa. 'Yan gari suka sa masa suna amalanken iska. Mai makarantar da ya yi wa aiki kuma ya aiko masa da saƙo cewa in ya koya wa samari sanin iska da riƙon igiya, ya turo masa biyu duk shekara, sauran aikin ruwa su za su koya musu, su kuma ba su aiki.

Iyaye suka yi ta jan ƙafa. Malam Nuhu, Badamagare, shi ne babba a dattawan unguwa, kuma ɗansa Fatahu ya riga ya fara haɗa jakar Tchibarakaten. Wata la'asar a majalisa ya ce, "Mu ba mu san wannan abu ba, kuma ba za mu ba da 'ya'yanmu ga abin da ba mu sani ba. Amma ai muna da Kapiten. Ranar Asabar ya hau ya gwada mana. In ya ce lafiya, ni ne farkon kawo Fatahu."

Duk ido ya koma kan Halidu. A nan Allah ya buɗe masa ƙofa, da ya ce gwiwa na damunsa, ko ya ce tsufa ya zo, ba wanda zai matsa masa. Amma bakin da ya saba shekara talatin bai jira shawarar zuciya ba.

Ya ce, "Wanga ai wasan yara na. Wanda yat tuƙa bisa ruwa, mi ƙasa za ta yi mashi?"

Ranar Juma'a da yamma Zulaihatu ta zo gida da kwanon tuwo. Ta ajiye, ta durƙusa nesa kaɗan, ta yi ta murza bakin mayafinta.

"Baba, ya ce in gaishe ku."

"Ina amsawa."

"Ya ce kuma in faɗa muku, wai na ƙasa ya ɗan bambanta da na ruwa. Wai igiyar ƙyallen a hannu ake riƙe ta. In iska ta yi ƙarfi sai a sassauta, abin ya rage gudu. Ya ce ko me za a yi kada a ɗaure ta. Sau uku ya maimaita mini, Baba."

Halidu ya ji saƙon ya shige shi har ƙashi. Yaron nan ya sani ke nan. Ba a aika wa kapiten irin wannan saƙo, wa wanda bai taɓa hawa ba ake aika shi, kuma an lulluɓe shi da "na ƙasa ya bambanta" don a rufa masa asiri. Da mai hankali ne da ya karɓa ya gode. Amma kunya in ta rasa hanyar fita, fushi take zama.

Ya ce, "Ke Auta, ni za a koya ma igiya? Tun ba a haihi mai gidanki ba nike ɗaurin kaya daga nan har Kwatano, ko ganga guda ba ta taɓa motsi ba. Tahi ki ce mashi na ji."

Ta tashi ta tafi. Shi kuwa tuwon nan bai iya cin rabinsa ba.

Asabar da hantsi rabin unguwa ta fita filin yamma. Mano ya kawo amalanken ya juya hancinsa yadda ya kamata, ya ja da baya taku goma, rawani har ƙasan ido, kansa a sunkuye. Halidu ya tattare babbar rigarsa ya zauna a ƙaramar kujerar da ke dab da ƙasa, ƙafafunsa a kan sandar juya tayar gaba. Wannan bai ba shi tsoro ba, tuƙi dai tuƙi ne. Ya kama igiyar ya ja, ƙyallen ya cika, abin ya fara gangarawa shiru, ba ƙarar inji, ba hayaƙi. Mutane suka ɗauki kabbara. Wallahi a wannan ɗan lokacin Halidu ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, har ya kusa yarda da labaran kansa.

Sai igiyar ta fara cin tafin hannunsa. Tana ja, tana fizga, kamar akuyar da ake kai wa kasuwa. Duk shofer ɗin da ya san aikinsa ya san abu ɗaya, igiyar da ke motsi hatsari ce, kaya in ba a ɗaure su tamau ba a hanya ake zubar da su. Hannun Halidu bai tambaye shi ba. Ya lanƙwasa igiyar ya yi mata kunne, ya zagaya ta a ƙarfen gefen kujera, ya ja, ya kulle sau biyu. Ƙullin 'yan kamyo ke nan, wanda in kaya suka ja shi ƙara kamawa yake. Ya saki hannu ya ɗaga wa jama'a.

Can nesa Mano ya ga hannun nan biyu a sama, ya gane abin da aka yi. Ya buɗe baki, amma yaya mutum zai ƙwala wa surukinsa tsawa a gaban gari? Sai kawai ya zuba da gudu.

Iskar ta zo gaba ɗaya daga gefe. Ƙyallen da ya kamata ya sake ya bar ta ta wuce ya tsaya ƙyam, tayar hagu ta tashi sama, Halidu ya kai hannu ga ƙullin yana ƙoƙarin kwancewa, ƙullin kuwa ya yi aikin da aka san shi da shi. Amalanken ya kife, sandar ƙyallen ta karye da ƙara, Kapiten ya yi birgima uku a ƙasa, hula a gabas, takalmi a yamma.

Mano ne ya fara isowa. Halidu yana kwance, kafaɗarsa ta goce, amma idonsa biyu, kuma ya ga komai. Ya ga yaron ya dube shi ya tabbatar yana numfashi, ya ga ya zaro wuƙa daga ɗamararsa ya yanke igiyar sama da ƙullin da ƙasa da shi, ya zare ƙullin ya cusa a aljihu. Kafin mutane su ƙaraso ya gama.

Malam Nuhu ya iso yana haki. "Me ya faru? Kapiten, me ya faru?"

Mano ya amsa da Hausarsa ta mutanen Abzin, idonsa a ƙasa, "Igiya ne ya tsinke. Tsohon igiya na sa. Laifina ne, ba na Baba ba."

Duk wanda ya san iska zai yi dariyar wannan magana, don igiya in ta tsinke ƙyalle sakewa yake, abin ya tsaya da kansa. Amma mutum biyu kaɗai ake zaton sun san iska a Arlit. Ɗaya shi ya yi maganar, ɗayan kuma yana kwance a ƙasa ya rufe ido.

Malam Nuhu ya girgiza kai ya ce, "To kun gani. Abin da ya kayar da mutumin da ya yi kwana huɗu a teku, ina ga 'ya'yanmu? Mano, ba don Allah ya tsare ba da ka kashe surukinka. Ka kwashe tarkacenka."

Aka kai Halidu gida, mai ɗori ya mayar da kafaɗar. Daga ranar zaurensa bai rabu da 'yan dubiya ba. Kowa ya zo sai ya kalli hoton, ya kalli Halidu, ya yi tsaki a kan yaran zamani da gangancinsu. Wani ya ce dama shi bai yarda Mano ya taɓa koyar da kowa ba, ƙila wanke-wanke kawai ya yi a Senegal ya zo yana cika baki. Halidu ya ji wannan da kunnensa, a zaurensa, a ƙarƙashin hotonsa, kuma bai ce uffan ba. Har kai ya gyaɗa. Bayan sun fita ya juya fuskarsa ga bango, ya ji ya tsani kansa kamar yadda bai taɓa tsanar wani mahaluki ba. Ya ce a ransa gobe zai yi magana. Goben ta zo, ya ce sai kafaɗa ta yi sauƙi.

Ranar Laraba Zulaihatu ta kawo abinci. Ba ta zo ba tun ranar Asabar. Ta gaishe shi, ta ajiye kwano, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani abu ta ajiye a gefen kwanon. Guntun igiya ne, bai kai kamu ɗaya ba, an yanke shi da wuƙa ta kai biyu, ga ƙulli a tsakiya.

Ta ce, "Wanki nake yi na same shi a aljihunsa. Bai san na ɗauko ba. Na tambaye shi tun ranar, ya ce mini igiya ce ta tsinke."

Halidu bai ɗago ba.

"Baba, da wannan ƙullin kuke ɗaure mini akwatina duk lokacin da zan koma lakwal, makarantarmu ta Agadas. Sai na nemi wuƙa nake buɗe shi. Kwana huɗu ke nan bai fita ko masallaci ba sai da duhun asuba. Ni ban ce ku yi komai ba."

Ta tashi ta fita. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ya ɗauki ƙullin ya juya shi a hannu. Kyakkyawan ƙulli ne, ba shofer ɗin da zai gan shi bai yaba ba. Ya yi niyyar tashi a lokacin ya tafi gidan Malam Nuhu, har ya jawo takalmi. Sai ya tuna majalisa, ya tuna yara da za su bi shi suna "Kapiten na tudu", ya tuna jikokinsa da ya sha zaunar da su yana ba su labarin guguwa. Ya mayar da takalmin. Ya ce magana irin wannan ranar Juma'a ta dace da ita, lokacin da kowa ke nan, a yi ta sau ɗaya a huta. Haka ya saya wa kansa kwana biyu, kuma ya san sarai sayen ya yi.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci dattawa suka zauna a inuwar da suka saba. Halidu ya zo da hannu a rataye, ya ƙi zama a kujerar da aka miƙo masa. Ya ciro guntun igiyar ya ajiye a tsakiyar tabarma.

Ya ce, "Jama'a, ku dubi wanga. Wanda duk yat taɓa aikin kamyo ya san ko ƙullin wa na. Igiya ba ta tsinke ba. Ni na ɗaure ta, bayan an aiko mani har gida an ce kar in ɗaure. Yaron nan yanke ta ya yi don shi ruhe mani asiri. Kuma ni ban taɓa shiga jirgi ba. Hoton nan dahwa shi kawai na yi. Ko ƙahwata ban sa cikin teku ba, tsoro nike ji. Shekara talatin ina yi maku ƙarya. Ku gahwarce ni, ku mai da ma yaron nan mutuncinshi."

Ya shirya wa dariya. Tun daga gida yake shirya mata, ya ma fi son ta zo da wuri a wuce wurin. Ba wanda ya yi dariya. Wani ya sunkuyar da kai, wani ya hau jan carbi. Malam Nuhu ya miƙa hannu ya ɗauki ƙullin, ya daɗe yana kallonsa, ya gwada kwance shi da farce bai kwantu ba.

Ya ce, "Yaushe ka san za ka faɗi wannan, Halidu?"

Rabon da wani ya kira shi da sunansa tsirara har ya manta.

"Tun ranar Asabar nis sani. Laraba na yi niyya."

"Laraba." Malam Nuhu ya gyaɗa kai a hankali. "Motar Tchibarakaten jiya Alhamis ta tashi da asuba. Su shida ne daga unguwar nan. Fatahu ya ce mini in amalanken ya tabbata zai tsaya, ni na ce masa ya ga abin da ya yi wa Kapiten. Ni da hannuna na ɗora masa jaka." Ya miƙo wa Halidu guntun igiyar. "Sauran iyaye su yi shawara, ƙila su kai nasu. Ni yanzu ba ni da wanda zan kai. Riƙe abinka."

Halidu ya karɓa. Ya yi sallama, mutum biyu suka amsa.

Hanyar gidansa ta bi ta bakin layin su Zulaihatu. Yana kawowa kwanar ya hango Mano tafe daga wajen mai walda, ɗauke da karyayyiyar sandar ƙyallen a kafaɗa, an ɗinke ta da sabon ƙarfe. Mano ya gan shi, ya tsaya, ya kai hannu zai ja rawaninsa ya nemi lungun da zai kauce kamar kullum. Bai samu ya yi ba. Halidu ya riga shi, ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska, ya faɗa lungun da ke kusa, ya tsaya jikin bango da ƙullin a tafinsa har ya ji takun yaron ya wuce.